Furen Mako Guda, Aikin Shekara Dubu: Birnin Kyoto a Lokacin Sakura



Shugaban wannan taro, iyayenmu da malamanmu da ke zaune a sahun gaba, masu masaukinmu da suka ɗauki ɗawainiyar shirya wannan zama, 'yan uwa maza da mata, da ɗaliban da suka cika bayan zauren nan, barkanmu da war haka.  

Batun da aka ba ni shi ne yawon buɗe ido a wani tsohon birnin ƙasar Japan a lokacin da bishiyoyin ceri suke fure. Na zaɓi Kyoto, domin a nan ne al'adar ta yi jijiya. Wanda duk ya taɓa ganin hoton Japan a kalanda ko a waya, da wuya bai ci karo da wannan ba: bishiya ta lulluɓe da fure fari mai sirkin ruwan hoda, babu ganye ko ɗaya a jikinta, a bayanta ga tsohon ginin katako mai rufi kamar tsuntsu ya buɗe fukafukai. Furen shi Japanawa ke kira sakura, fita kallonsa kuma hanami. Mai kallon hoto yakan ɗauka cewa mutanen ƙasar wayar gari suka yi suka tarar da wannan kyau a ƙofar gida. Hujjar da nake so in kafa a yau ita ce: bayan ikon Allah da ya halicci bishiyar, abin da duniya ke tururuwar kallo na mako guda aikin mutane ne na shekara fiye da dubu. Wasu sun shuka, wasu sun yi jinyar abin da aka shuka, wasu sun rubuta ranakun furensa, wasu kuma sun haƙura da ribar dogon bene don kada su tare wa jama'a dutse. Baƙon da ya san haka kallonsa daban yake, zamansa a garin ma daban.

Na ɗaya: furen da ba ya jiran kowa

Mu fara da bishiyar kanta. Cerin da ake fita kallo ba ta 'ya'yan da za a kai kasuwa, don furenta kawai ake shuka ta. Ƙullin furen yana kafuwa tun lokacin zafin shekarar da ta gabata, sai ya kwanta barci. Sai ya sha sanyi mai tsanani sannan yake farkawa, daga nan kuma ɗumin da ke biyo bayan sanyin shi ke buɗe shi. Daga buɗewar furen farko zuwa cikar bishiya kamar mako guda ne. Bayan wani makon kuma ya fara zuba, in aka yi iska ko ruwan sama ma ba ya kaiwa haka. Saboda ƙurewar lokacin ne hukumar kula da yanayi ta Japan ta ware bishiyar gwaji a manyan garuruwa. Ma'aikaci yakan je ya tsaya ya ƙirga da idonsa. In ya sami fure biyar ko shida a buɗe, sai a sanar cewa sakura ta buɗe a wannan gari. In kusan kashi 80 cikin 100 suka buɗe, sai a ce ta cika. Ana bin tafiyar furen a labaran talabijin daga kudu zuwa arewa, daga tsibirin Kyushu a ƙarshen Maris har Hokkaido a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Rabon Kyoto yakan faɗo tsakanin ƙarshen Maris da makon farko na Afrilu.

To me ya sa bishiyoyin gari guda suke buɗewa tare kamar an buga musu ƙararrawa? Masu lambu a cikinmu za su riga kowa ganewa. Kun san mangwaro mai aure, wanda ake yanko reshen mai kyau a ɗaura a kan wani tushe. Irin cerin da ya fi yawa a titunan Japan, mai suna Somei Yoshino, haka ake yaɗa shi. Masu sana'ar lambu na ƙauyen Somei, wanda yanzu Tokyo ta haɗiye, su suka fara sayar da shi a ƙarni na 19, kuma tun daga nan reshe ake yanka ana ɗaurawa. Ma'ana, miliyoyin bishiyoyin nan asalinsu bishiya ɗaya ce, halinsu ɗaya, don haka ɗumi ɗaya ke tashinsu a rana ɗaya. Kun ga tun a nan hannun ɗan Adam ya bayyana. Sannan lokacin ya dace da 1 ga Afrilu, ranar da shekarar kuɗi ta gwamnati ke farawa, a watan da makarantu ke karɓar sababbin ɗalibai, kamfanoni ke karɓar sababbin ma'aikata. Bajapane yakan tuna ranar shigarsa makaranta da fure a kansa. Har a jikin kwabonsu na yen 100 furen ne aka zana.

Na biyu: yadda birnin ya koya wa ƙasar kallon fure

A shekarar 794 Sarki Kanmu ya mayar da fadarsa wannan kwari da duwatsu suka kewaye ta gefe uku, aka tsara titunansa a miƙe bisa fasalin Chang'an, babban birnin Sin na wancan zamani. Nan sarakunan Japan suka zauna fiye da shekara dubu, har sai da fada ta koma Tokyo bayan juyin mulkin 1868. Da farko ma furen da fadawa suka fi so na wata bishiya ce mai suna ume, wadda aka kawo daga Sin. A tarin waƙoƙinsu na ƙarni na 8 an fi ambatar ta fiye da sakura. Amma a 812 tarihin fada ya rubuta cewa Sarki Saga ya yi zaman kallon fure a lambun Shinsen-en, inda aka yi ta tsara waƙa, kuma kafin a haɗa kundin waƙoƙin Kokinshu wajen 905 sakura ta riga ta ƙwace gaba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, son wannan fure koya shi aka yi. Fada ta fara, mayaƙa suka ɗauka, daga baya talakawa suka shimfiɗa tabarmarsu su ma.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na 1598. Toyotomi Hideyoshi, mutumin da ya tashi daga gidan talakawa ya haɗa kan Japan da takobi, ya sa aka dasa bishiyoyin ceri kimanin 700 a harabar haikalin Daigo-ji da ke kudu maso gabashin birnin, ya gayyaci mutum wajen 1,300 kallo. Bayan 'yan watanni, a cikin shekarar, ya rasu. Mulkin gidansa bai jima ba ya rushe, amma har yau mutane na hawa Daigo-ji a watan Afrilu. Japanawa suna da wata kalma, mono no aware, wadda malaminsu Motoori Norinaga ya yi ta bayani a kai a ƙarni na 18. Ma'anarta ita ce wannan sanyin jiki da ke kama mutum idan ya ga abu mai kyau, ya kuma san ba zai daɗe ba. Ba sai an yi wa mai sauraro a zauren nan dogon bayani ba, mu ma mun taso muna jin cewa duniya ba matabbata ba ce. Abin da ya ja hankalina shi ne abin da suka yi da wannan sani. Da suka ga furen ba ya zama, sai suka duƙufa wajen tsare duk abin da zai sa ya dawo baɗi.

Na uku: kowace bishiya da mai ita

Bari mu bi hanyar da baƙi suka fi bi, mu riƙa tambaya a kowane zango: wa ya yi wannan?

Daga Tokyo jirgin ƙasa mai tsananin gudu, wanda ya fara aiki a 1964, yakan kai mutum Kyoto cikin awa biyu da 'yan mintuna. Yawancin baƙi gabas suke nufa, gindin duwatsun Higashiyama, su hau zuwa Kiyomizu-dera. An kafa wannan haikali a ƙarshen ƙarni na 8, amma ginin da ake gani yau na 1633 ne. Yana da wani dandamali na katako mai tsayin kusan mita 13, a kan manyan ginshiƙai da aka sarƙa da juna ba tare da ƙusa ba. Wanda ya tsaya a kansa a farkon Afrilu furen yana ƙarƙashin ƙafarsa kamar hazo, birnin kuma yana shimfiɗe a gabansa. Rufin da ɓawon itace aka yi shi, kuma daga 2017 zuwa 2020 an kwance shi an sake, wato shekara uku baƙi suna zuwa suna tarar da ginin a lulluɓe. Masu kula da wurin har daji suka shuka a duwatsun lardin Kyoto, domin kafintocin da ba a haifi kakanninsu ba su sami katakon gyara. Jama'a, wane irin lissafi ne wannan, mutum ya shuka itacen da zai yi amfani bayan ƙarnuka?

In aka gangaro ta lungunan dutse sai a isa lambun Maruyama, inda wata bishiya guda take tsakiya, rassanta sun zubo ƙasa, ana haska ta da fitilu da dare. Da yawa suna zaton tun fil azal take nan. Ta farkon ta mutu a 1947. Wadda ake gani yanzu 'yarta ce, wani mai lambu daga gidan Sano Toemon ya raine ta daga irin uwar, aka dasa ta a 1949. Wannan gida sun gaji sana'ar lambu kaka da kakanni, magajin gidan kuma sunan yake gada tare da aikin. Masu irin wannan aiki har suna gare su, sakuramori, wato masu gadin sakura. Suna duba saiwa, su canza ƙasar da ta gaji, su tokare reshen da ya yi nauyi, su yanke wanda cuta ta kama. Aikinsu na wata goma sha biyu ne, amma mako guda jama'a suke ganin sakamakonsa.

Gaba kaɗan ta arewa akwai Keage, inda mutane ke tafiya a kan tsohon layin dogo da aka daina amfani da shi, fure ta hagu da dama. Labarin wurin ya cancanci a tsaya a kansa. Da fada ta koma Tokyo, Kyoto ta yi rauni, jama'a suka ragu, kasuwa ta faɗi. Shugabannin birnin suka yanke shawarar haƙo hanyar ruwa daga tafkin Biwa, a huda dutse a kawo shi. Wani matashin injiniya, Tanabe Sakuro, wanda bai daɗe da gama karatu ba, shi aka danƙa wa aikin, aka gama a 1890. Ruwan ya ba da wutar lantarki, wutar ta tuƙa motocin layin dogo na cikin gari a 1895, irinsu na farko a Japan. Wani reshe na wannan ruwa shi ne ke bin gefen hanyar da ake kira Hanyar Masanin Falsafa, mai tsawon kusan kilomita biyu, wadda aka sa wa suna saboda Nishida Kitaro, malamin Jami'ar Kyoto da yakan bi ta yana tunani. Bishiyoyin bakinta kuwa asalinsu kyauta ce daga mai zane Hashimoto Kansetsu da matarsa, wajen 1921. Idan furen ya fara zuba, ruwan yakan rufe da shi har ya zama kamar shimfiɗa mai tafiya. Mai ɗaukar hoto a wurin yana tsaye ne a kan aikin injiniya da sadakar mai zane, ko ya sani ko bai sani ba.

A yamma akwai Arashiyama, inda gadar Togetsukyo ta ratsa kogi, dutsen bayanta ya yi dabbare-dabbare da fari. Ko wannan da ya yi kama da daji, a ƙarni na 13 aka ɗebo bishiyoyinsa daga wani wuri mai suna Yoshino bisa umarnin Sarki Go-Saga. Wanda ya makara kuma ba a bar shi hannu rabbana ba: a haikalin Ninna-ji akwai wasu gajerun ceri da ba sa buɗewa sai wajen tsakiyar Afrilu, furensu daidai fuskar mutum.

Saura abin da ba a gani a hoto, wato abin da aka hana ginawa. A 2007 birnin ya kafa dokar da ta rage iyakar tsayin gini a tsakiyar gari daga mita 45 zuwa 31, a wasu unguwanni ma zuwa 15, ta kuma hana allunan talla a kan rufi da masu walƙiya. Shi ya sa za ka ga kantunan da aka san su da launi mai kashe ido a wasu garuruwa, a Kyoto sun sassauta launinsu. Mai fili a tsakiyar birni ya yi asarar hawa huɗu ko biyar na kuɗin haya. Da wannan asarar aka sayi ganin duwatsun da baƙo ke yi daga bakin kogin Kamo.

Na huɗu: ranakun da aka rubuta

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so ɗalibai su saurara. Fadawa da malaman haikali da attajiran Kyoto sun kasance masu rubuta abin da ya faru a kowace rana, har da ranar da aka fita kallon fure. Wani masani a jami'ar lardin Osaka, Aono Yasuyuki, ya bi waɗannan tsofaffin takardu ya tattara ranakun cikar furen tun daga 812. Akwai shekarun da ba a samu ba, amma duk da haka yana cikin mafi tsawon kundin irinsa a duniya. Abin da kundin ya nuna shi ne, ƙarni bayan ƙarni ranar tana kai-kawo ne a wajen tsakiyar Afrilu, sai daga ƙarni na 19 ta fara matsowa. A 2021 furen ya cika ranar 26 ga Maris, ya riga duk abin da aka taɓa rubutawa kafin nan, har da 27 ga Maris ta shekarar 1409. Wani bincike da aka wallafa a 2022 tare da masanan hukumar yanayi ta Birtaniya ya ƙiyasta cewa ɗumamar duniya da zafin da birni ke tarawa sun jawo ranar gaba da kimanin kwana 11. Bafaden da ya rubuta cewa yau an sha shayi ko an yi waƙa a gindin bishiya bai san yana auna zafin duniya ba. Ya dai rubuta abin da ya gani da ranarsa, waɗanda suka biyo baya kuma ba su bar gara ta cinye takardar ba.

Ga matafiyi, wannan yana nufin kada ya kafa ransa a kan rana guda. A 2024 furen ya yi jinkiri har cikin makon farko na Afrilu, waɗanda suka sayi tikiti bisa lissafin shekarun baya suka tarar da rassa tsirara.

Na biyar: abin da masu ja za su ce

Na san akwai mai cewa a ransa: fure ne fa, ba ya cika ciki, me zai sa mai hankali ya ƙetare duniya dominsa? Ba na cewa kowa ya tafi, kuɗin tafiyar ba ƙarami ba ne kuma akwai abin da ya fi shi wajaba. Amma wanda ya bi ni daga farko ya ga cewa a gindin furen akwai ilimin lambu da na gini da na tsara birni da na ajiye tarihi. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sai dai ga wanda ya tafi da tambaya a bakinsa.

Wani zai ce: ai ka tona asirin wurin da kanka. Bishiyoyin aure ne, gine-ginen sababbi ne, ina tsufan yake? Gaskiya ne, ƙari ma zan yi masa. Yaƙin Onin na 1467 zuwa 1477 ya ƙone yawancin birnin. Haikalin zinariya, Kinkaku-ji, wani matashin ɗalibin wurin ya cinna masa wuta a 1950, wanda ake gani yau na 1955 ne. Haikalin Heian, mai shahararrun ceri a lambunsa, a 1895 aka gina shi don cikar birnin shekara 1,100. Amma garin katako a ƙasar gobara da girgizar ƙasa ba zai dogara da tsufan itace ba. Abin da ya tsufa a Kyoto shi ne sanin yadda ake yi, wanda ke wucewa daga hannun maigida zuwa na yaronsa. Ina ganin wannan ya fi dutsen da aka bari yana rugujewa ana alfahari da shekarunsa. A 1994 hukumar UNESCO ta sa wurare 17 na Kyoto da kewayenta cikin kayan tarihin duniya, ciki har da Kinkaku-ji ɗin da bai kai shekara 40 da sake ginawa ba a lokacin. Ya kamata in ƙara da cewa ba ƙoƙarin mutanen garin kaɗai ya tsare shi ba. A 1945 Kyoto tana cikin jerin biranen da Amurka ta yi niyyar jefa wa bam ɗin nukiliya, sakataren yaƙinta Henry Stimson ne ya dage aka cire ta.

Ja na uku ya fi nauyi, kuma ba zan rage masa nauyinsa ba. Wannan fure an yi amfani da shi wajen tura matasa ga mutuwa. A lokacin yaƙin duniya na biyu, masu mulkin soja sun riƙa cusa wa samari cewa su faɗi saboda sarki kamar yadda furen ke zuba yana kan ganiyarsa. An zana shi a jikin jiragen ƙunar baƙin wake, akwai ma wani irin jirgi da aka raɗa wa suna Oka, wato furen ceri. Laifin ba na bishiya ba ne, amma duk abin da al'umma ke so da zuciya ɗaya, mai mulki zai iya kama ta da shi. Baƙon da ya san wannan zai gane dalilin da ya sa wasu tsofaffi a Japan da maƙwabtanta ba su kalli furen da ido ɗaya da 'yan yawon buɗe ido ba. Shi dai furen nan ne kuma birnin Tokyo ya aika wa Washington bishiyoyinsa wajen 3,000 a 1912 don ƙulla zumunci.

Sai tambayar da na san tana bakin iyayenmu: ba giya ake sha a wurin ba, kuma ba wuraren bautar wani addini ba ne? Ana shan giya a zaman hanami, musamman da dare a wurare irin Maruyama, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma da rana iyalai ne da yara da tsofaffi a kan shimfiɗa, da abincinsu da shayinsu. Wanda kuma bai son shiga haikali, bakin kogin Kamo da lambun tsohuwar fadar sarki da lambun tsirrai na lardin, wanda aka buɗe a 1924, sun ishe shi kallo.

Na shida: haƙƙin masu gida

Ja na ƙarshe na ware masa wurinsa, domin shi ne ya fi kusa da gaskiya. Mutanen Kyoto ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, amma masu ziyartarta a shekara, 'yan ƙasa da baƙi, sun haura miliyan 50. Baƙin da suka shiga Japan daga waje sun kusa miliyan 32 a 2019, a 2024 sun haura miliyan 36, kuma kowa so yake ya zo a mako guda, ya tsaya a wuri guda. Japanawa har sun ƙirƙiri kalma, kanko kogai, wato ƙazantar da yawon buɗe ido ke jawowa. Tsohuwa mai zuwa asibiti takan tsaya bas ya wuce ta cike da akwatunan baƙi. Don haka ne birnin ya soke tikitin bas na yini guda da baƙi suka fi saye, ya kuma fito da bas na musamman zuwa wuraren kallo a 2024. A unguwar Gion, inda matan da ke sana'ar kiɗa da rawar gargajiya suke, waɗanda ake kira geiko da maiko, baƙi sun riƙa tare su a hanya suna jan tufafinsu don hoto. A 2019 mazauna unguwar suka hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, da tarar yen 10,000, a 2024 kuma suka fara hana shiga wasu lungunan gaba ɗaya. Alhali wanda yake son ganin sana'arsu, tun 1872 suke wasan Miyako Odori a watan Afrilu, tikiti kawai zai saya ya zauna.

Kada kuma a ce ai kuɗi suke samu. Haikalai ba sa biyan harajin fili, kuɗin baƙo yawanci otal da kanti yake shiga, birnin kuwa shi ke kwashe shara da gyaran hanya. A 2021 magajin garin ya fito ya yi gargaɗin cewa baitulmalin birnin na dab da durƙushewa. Tun Oktoban 2018 ake karɓar harajin kwana daga masu sauka a masauki. Tsofaffin gidajen katako na 'yan kasuwa, machiya, da suka ba lungunan kamanninsu, ƙidayar 2016 ta sami kimanin 40,000, kuma ɗaruruwa ake rushewa kowace shekara, wasu don a gina wa baƙi otal a wurin.

To a daina zuwa ke nan? Ban ga haka ba, domin masaƙa da masu rini da masu gidajen shayi da baƙin suke riƙe sana'arsu. Abin da ya dace shi ne baƙo ya san cewa gidan mutane ya shiga. Ya fita da sassafe kafin gari ya cika. Ya bar akwatinsa a tasha ko masauki, ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ko ya taka da ƙafa. Kada ya girgiza reshe don furen ya zubo masa a hoto, kada ya karya, domin raunin ceri ba ya saurin warkewa, ta nan ruɓa ke shiga. Kada ya shimfiɗa tabarma a kan saiwa, takun dubban ƙafafu yana danne ƙasa har saiwar ta kasa numfashi. Ya tafi da shararsa, kwandon shara ba shi da yawa a titunan Japan. Bishiyoyin ma suna da abin da ke damunsu ba tare da shi ba: da yawa daga cikin Somei Yoshino an shuka su ne bayan yaƙin duniya na biyu kuma sun tsufa, ga wani ƙwaro mai jan wuya da aka fara gani a lardin Aichi a 2012 yana huda su ta ciki yana yaɗuwa lardi bayan lardi.

Shugaban taro, na ga lokacin da aka ɗebar mini ya cika.  Wanda yake da tambaya, ko gyara, ko ja a kan wata hujja da na kawo, bismillah, ga fili.